Rijiyar Ɗan Azumi da Kurciyar Kurmi

Akwai wani mahaƙin rijiya da aka yi a wani ƙaramin ƙauye a arewacin Mayahi, can wajen Issawane, ana kiransa Ɗan Azumi.

Waɗanda suka san shi da tsufansa sun ce mutum ne mai shiru-shiru, wanda ko wa ke magana sai ya saurara har ya kai aya. Amma ba haka aka haife shi ba. Duniya ce ta koya masa, kuma karatun ya zo masa da tsada.

Abin ya faru ne a ranin da ya biyo daminar tamanin da huɗu, zamanin mulkin soja. Ruwa ya ɗauke gero yana gwiwa, ya bushe a tsaye. Rumbuna suka zama ɗakin ɓeraye, daga baya ɓerayen ma suka yi gaba. Iyakar Najeriya a rufe take, balle a ce magidanta su tsallaka cin rani.

Abin da ake ci a ƙauyen shi ne jar dawar taimako in ta iso, in ba ta iso ba sai anza. Wanda bai san anza ba, 'ya'yan wani ɗan itacen daji ne masu tsananin ɗaci. Sai an jiƙa su ana sake musu ruwa kwana da kwanaki kafin su ciwu. To da wane ruwa za a jiƙa?

Rijiyar garin guda ɗaya ce. Ta koma laka, daga laka ta koma busasshen rami. Mata su fita da sassafe zuwa wani ƙauye mai nisa, su dawo bayan azahar da tulu ɗai-ɗai. Da shi za a sha, da shi za a dafa, da shi za a yi alwala. Anza kuwa sai a yi mata jiƙon ganin dama, a ci da ɗacinta, ciki ya yi ta murɗa. Tsofaffi da yara suka fara kwanciya.

Ana cikin haka sai ga kamyon hukuma, wato babbar motar kaya, da siminti buhu arba'in da ƙarafa. Jandarman da ya rako kayan ya tsaya a ƙofar gidan mai gari Wada ya faɗi saƙo a taƙaice. Rijiya ɗaya za a haƙa, mazan gari su yi aikin, a zaɓi wuri cikin kwana uku. In an yi kuskure kada a sa ran wani simintin, don ƙauyukan da ke jira sun fi ɗari. A zamanin nan in mai kaki ya yi magana ba a cewa ya maimaita.

Kowa ya san ma'anar zancen. In rijiyar nan ta ba da ruwa, gari ya zauna. In ba ta bayar ba, gari ya tashi.

Babu wanda ya yi gardamar wanda zai ja aikin. Ɗan Azumi ya yi shekara bakwai a Maraɗi yana bin wani kamfanin haƙar rijiyoyi. Ya dawo da hular ƙarfe, da wata takardar shaida da yake ajiyewa cikin leda, da kalmomin Faransanci da ba su wuce a ƙirga a yatsu ba. Amma yadda yake jefa su cikin magana, sai ka rantse shi ya raini Bature.

A gaskiya ya iya haƙa, wannan ba a ƙwace masa ba. Hannunsa na da kyau, ramin da ya sara ba ya karkata. Sai dai a shekara bakwai ɗin nan ba a taɓa tambayarsa inda za a haƙa ba. Wasu ne ke zaɓar wuri, shi a miƙa masa diga. Abin da ya tsinta kawai shi ne wata magana da ya taɓa ji a bakin shugaban aikinsu, cewa inda kurciyoyi ke sauka ruwa ba ya nisa. Ya ɗauki maganar ya ƙulle a ransa. Ƙaramin sani kuwa ƙuƙumi ne.

A gabashin gari akwai wani ɗan kwari, taku kaɗan daga gidansu. Kullum da hantsi kurciyoyi sukan sauka can garke guda. Ɗan Azumi ya je ya tsaya, ya riƙe ƙugu, ya shuri ƙasa da ƙafa, ya ce nan ne.

Akwai kuma abin da bai faɗa wa kowa ba. Mahaifiyarsa, Inna Zara'u, ta tsufa, kuma anza ta fara cin ƙarfinta. Shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa yaba masa a gaban idonsa ba, in za ta yi masa magana ma sai ta kau da kai. Burinsa a duniya shi ne ya kawo mata ruwa har bakin ƙofa, gari duka ya ce ɗan Zara'u ne ya yi. Ƙauna ce ta gaskiya, amma ta cuɗe da son a sani.

Inna Zara'u tana da wata aminiya Bafillatana, Gwaggo Habsatu. Shekara talatin suna musayar nono da gero har suka zama kamar 'yan ɗaki ɗaya. Rugarsu tana yamma da gari, a bakin wani dogon kwari mai goruba da sarƙaƙiya, tafiyar rabin awa. Shanunsu sun mutu ƙaf a farin nan. Ita da ɗanta Jatau kaɗai suka rage a rugar, da jaki guda. Idonta ya yi rauni, amma kunnenta ko faɗuwar allura bai bari.

Ana gobe za a fara haƙa, sai ga ta da sandarta. Ta zauna kusa da Inna Zara'u, ta sa aka kira Ɗan Azumi. Bayan gaisuwa ta kwance bakin zanenta, ta fito da wani ɗan gashin tsuntsu, ta miƙa masa.

Gashin toka-toka ne, amma a tsakiyarsa akwai wani ɗigo mai duhu. In an juya shi a rana sai ya yi walƙiyar kore.

"Ɗan nan, na ji an ce kurciya ka bi ka zaɓi wuri," in ji ta. "Wace kurciya?"

Ya yi murmushi ya ce, "Gwaggo, kurciya ai kurciya ce."

Ta girgiza kai. Ta ce waɗanda yake gani a kwarin gabas masu baƙar sarƙa a ƙeya ne, masu tafiya garke. Waɗannan ba su da amana a kan zancen ruwa. Suna iya cin abinci a nan su tashi sama su je su sha a inda jaki zai yini bai kai ba. Ta kuma tuna masa cewa kwarin nan tsohuwar masussukar gari ce, nan mata suka yi shekaru suna sussukar gero, tsabar da ta nutse a rairayi suke tonowa.

Ta ce amma akwai wata ƙarama, kurciyar kurmi, mai wannan gashin. Ba ta shiga garke, ba ta son fili, ba ta tafiya mai nisa. Inda inuwa ke da sanyi nan take zama, kuma a shekara irin wannan itace ba ya riƙe ganye sai in saiwarsa na taɓa danshi. Ta ce tana tsintar anza a kwarin yamma ta ji kukanta, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

"Ka zo mu tahi in kai ka," ta ce. "Ni ba ni gani sosai, amma in ta yi kuka zan nuna maka da sanda. Yini guda ne kawai."

Da a ce wani dattijo mai rawani ne ya faɗi maganar nan, ko wani mai farar mota, da Ɗan Azumi ya saurara. Amma tsohuwa ce mai tallan nono, ko nonon ma yanzu babu. Ga shi kuma ta yi maganar a gaban uwarsa da matarsa Furera. Sai ya ji kamar an cire masa hular ƙarfen a tsakiyar kasuwa.

Ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce shekara bakwai yana aiki da masu ilimi bai taɓa ganin an tambayi makauniya hanyar ruwa ba. Ya ƙara da abin da ya fi muni, ya ce ya gane wayon, so take a kai simintin gwamnati ƙofar ruga, matan gari su riƙa zuwa roƙon ruwa wajen Fulani.

Sannan ya ɗora gashin a tafin hannunsa ya hure shi, ya fita.

Gwaggo Habsatu ta laluba sandarta ta miƙe, ta ce Allah ya ba da sa'a. Inna Zara'u ta raka ta har bayan gari tana ba ta haƙuri, kunya kamar ta nutse. Da ta dawo ta duƙa ta nemi gashin a gindin danga, ta same shi, ta sa a ƙarƙashin tabarmarta. Ba wanda ya gani sai Furera.

Aka yi addu'a, aka fara haƙa.

Kwanakin farko garin ya yi kamar ana biki. Maza da ciki babu komai suna jan igiya suna waƙa. Ɗan Azumi na ƙasa yana sara, in ya fito ya yi ta ba da umarni da Faransancinsa. Gaba goma, rairayi. Gaba goma sha biyar, jar ƙasa. Kowace gaba aka sauka sai a zuba siminti a ɗaure bango don kada ya rufta. Ruwan kwaɓa simintin ma daga bakin mata da yara aka rage shi.

A gaba ashirin waƙa ta mutu.

Mai gari Wada ya ja shi gefe ya tambaye shi ko za a dakata a sake dubawa, tun da sauran siminti. Ya ce shi ma ya ji ƙishin-ƙishin ɗin maganar Habsatu. Ɗan Azumi ya ɗaure fuska ya ce in an fi yarda da tsuntsu a ba tsuntsu diga. Shi kansa Ɗan Azumi a lokacin zuciyarsa ta fara raya masa wani abu, don ƙasar da yake sara ko sanyi babu. Amma ya riga ya yi dariya a gaban mutane, komawa baya ya fi masa dutse nauyi. Girman kai rawanin tsiya.

Kwana hamsin da biyu aka yi. A gaba ashirin da tara diga ta daki dutse, ta yi tartsatsi. Ya sara ya sara har hannunsa ya fashe. Buhun ƙarshe ya riga ya ƙare tun kwana uku.

Ranar da ya fito ba wanda ya tambaye shi. Mutane suka dubi ƙurar da ke jikinsa, fara fat, busasshiya, suka watse ɗaya bayan ɗaya. Da ma zaginsa suka yi da ya fi masa sauƙi.

Cikin mako guda gari ya fara tashi. Wasu suka nufi Mayahi inda ake rabon dawa, wasu Tasawa, wasu Maraɗi. Ana ɗora tabarmi da tukwane a kai, ana toshe ƙofa da ƙaya. Wata mata da ta binne 'yarta a cikin kwanakin haƙar ta wuce ta gabansa, ta tsaya ta dube shi, ta wuce. Gida sittin suka koma gida bakwai, su ma don suna da marasa lafiyar da ba sa tafiyuwa.

Inna Zara'u na cikinsu. Ƙafafunta sun kumbura, ciki ya ƙi riƙe komai. Furera ce ke yin doguwar tafiyar nan kullum ta kawo tulu guda, ruwan ma ja ne mai gafi.

Ɗan Azumi ya shige ɗaki ya kwana biyu bai fito ba. A rana ta uku uwar ta aika a kira shi. Ya durƙusa a bakin ƙofa. Ta juya fuskarta ga bango kamar yadda ta saba, ta zura hannu ƙarƙashin tabarma, ta turo masa gashin nan.

"Kai wanga," ta ce a hankali. "Ka tahi wajen Habsatu. Ni dai ina so in sha ruwan da ka haƙa kahin in bar duniya."

Tafiyar rabin awa ce zuwa ruga, amma bai taɓa yin tafiya mai tsawonta ba. Ya bar hular ƙarfen a gida.

Ya tarar da Gwaggo Habsatu kwance a bukka. Ita ma yunwa ta kayar da ita, ko zama sai Jatau ya tallafe ta. Ɗan Azumi ya durƙusa ya fara jero ban haƙuri, ta katse shi. Ta ce ba ta da numfashin ɓatawa a kan abin da ya wuce, ya buɗe kunnensa.

Ta ce yanzu ba ta iya kai shi. Kwarin dogo ne, kurmin da ke cikinsa ya fi goma, duk sun yi kama da juna, shi kuma ƙarfin rami ɗaya ya rage masa. Jatau shanu ya sani, bai taɓa kula da tsuntsu ba. Don haka dole ya nemo kurciyar da kansa.

Sai ta zayyana masa ita tiryan-tiryan. Ƙarama ce, ba ta kai kurciyar gida ba. Bayanta ruwan ƙasa, goshinta toka mai haske, ƙirjinta ja-ja kaɗan, bakinta baƙi. A fiffikenta akwai ɗige-ɗigen nan masu walƙiyar kore, a ƙugunta kuma zane biyu baƙaƙe a gicciye. A ƙasa take kiwo, ita kaɗai ko ita da mijinta. In an firgita ta ba ta yin sama, ƙasa-ƙasa take tashi da sauri ta faɗa cikin duhuwa, sai ka ga ja ya gilma a fiffikenta.

"Kukanta kuwa ba ka ɓata shi," ta ce. "Da tsakar rana take yi, sa'ad da sauran tsuntsaye sunka yi shiru. Ta fara a hankali, ɗaya, biyu, kamar mai sallama a gidan makoki. Sannan ta yi ta sauri tana sauka tana sauka har ya ɓace. In ka ji shi, kada ka bi ta da gudu. Zauna. Ka ga inda take yini, ka ga inda take sauka da sahe. Nan za ka sara."

Ya ce ya ji. Ta ce ji daban, haƙuri daban.

Ta kuwa faɗi gaskiya. Washegari da hantsi wata 'yar tsuntsuwa ta tashi a gabansa, ya ga ja a fiffikenta, ya bi ta a guje. Ta sauka, ta tashi, ta sauka, ta tashi, har ta fitar da shi daga kwarin ta kai shi wani fako inda ko ciyawa babu. Ya dawo ruga da yamma leɓe a tsage, yana murna yana cewa ya gan ta amma a fili take zama.

Gwaggo Habsatu ta tambaye shi yaya wutsiyarta take. Ya ce doguwa, siririya kamar tsinke. Tsohuwa ta yi wata 'yar dariya mai ciwo ta ce bardo ya yini yana bi. Shi ma yana da ja a fiffike, amma ɗan yawo ne, ko'ina gidansa. Ta kurmi wutsiyarta gajera ce.

Yini guda ya tafi a banza, kuma ya san uwarsa ce ke biyan kuɗin wannan yinin da numfashinta.

Rana ta biyu bai ga komai ba. Rana ta uku ya daina yawo. Ya samu gindin wata goruba a tsakiyar kwarin ya zauna, mutumin da bai taɓa iya zama wuri ɗaya a yi magana bai sa baki ba. Rana ta take, iska ta tsaya, ko ƙuda ya yi shiru. Zufa ta gama zuba har ta daina.

Can sai ya ji, daga nesa, ta hannun hagu. Ɗaya. Biyu. Sannan ya yi ta gangarowa yana sauri yana ƙanƙancewa har ya narke cikin zafin rana. Ɗan Azumi ya ji tsigar jikinsa ta tashi. Abin da ya fi ba shi tsoro shi ne ya san kukan nan. Ya sha jinsa tun yana yaro, bai dai taɓa tsayawa ya tambayi mai shi ba.

Ya bi sautin a hankali, in ta yi shiru ya tsaya, in ta sake ya matsa. Ta kai shi wani ɗan kurmi da ya wuce ta gefensa har sau biyu bai kula ba. Daga waje ƙaya ce busasshiya. Da ya rarrafa ya shiga sai ya tarar da kanya guda biyu da ganyensu kore, da inuwa mai sanyi kamar cikin randa.

Washegari tun da sassafe ya laɓe. Sai ga su su biyu sun sauko, suna tafiya suna ɗan gyaɗa kai a wani ɗan lotsi tsakanin itatuwan. Rana ta ratso ta faɗa kan fiffiken ɗaya, ya ga koren ya yi walƙiya. Ya fito da gashin daga aljihu ya duba. Shi ne.

Da suka tashi ya je ya tura hannu cikin rairayin wurin har gwiwar hannu. Da sanyi. Ya zauna a wurin ya yi kuka, shi kaɗai.

Babu siminti, babu ƙarfe, babu mazan gari. Jatau ne, ɗan matar da ya ci wa mutunci, ya riƙe masa igiya yana jan ƙasa, bai taɓa tayar da tsohon zance ba ko sau ɗaya. Suka riƙa tokare bangon ramin da guntayen itace yadda kakanni ke yi. Sun bar kanyoyin nan ba su taɓa ko reshe ba. Kurciyoyin suka matsa can ƙarshen kurmin, amma kullum da tsakar rana yana ƙasan rami sai ya ji kukan yana sauko masa.

Kowace yamma ya koma gida ya durƙusa a bakin ƙofa ya faɗa wa uwarsa gaba nawa aka kai. Ta ce madalla, fuskarta a bango. Muryar kullum raguwa take.

A kwana na goma sha shida, a gaba tara, diga ta nutse cikin laka. Ya zare ta, ruwa ya biyo ramin yana tsattsafowa, ya rufe masa yatsun ƙafa. Gaba tara kacal. Bai ko kai sulusin abin da ya haƙa a gabas ba.

Ya jira ruwan ya kwanta, ya cika tulu, ya hana kansa ko kurɓa guda. Ya ce bakin Inna ne zai fara taɓa shi. Ya ɗora a kafaɗa ya kama hanya, yana sauri yana tsoron ya zube.

Tun daga nesa ya hango mai gari Wada da wasu tsofaffi biyu zaune a ƙofar gidansu, kawunansu a ƙasa. Furera ta fito ta tsaya, ta dubi tulun, ta dubi fuskarsa, ta toshe bakinta da gyale.

Da hantsi Inna Zara'u ta cika, daidai lokacin da yake jiran laka ta kwanta. Furera ta ce ba ta sha wahala ba. Ta ce abin da ta faɗa na ƙarshe tambaya ce, ko Ɗan Azumi ya dawo. Da sunansa ta tambaya, karo na farko a rayuwarta, shi kuwa ba ya nan balle ya ji.

Ranar Furera ba ta je ɗiban ruwa ba saboda jinya. A duk gidajen bakwai ba a haɗa abin da zai isa wankan gawa ba. Ruwan da ke garin shi ne wanda ke kafaɗarsa.

Jatau ya ɗoro uwarsa a jaki ya kawo ta, don ta ce ba mai yi wa Zara'u wanka sai ita. Aka zaunar da ita a bakin ɗakin. Ɗan Azumi ya sauke tulun a gabanta. Ta tsoma yatsa ta ɗanɗana.

"Ruwan na da daɗi, ɗan nan," ta ce. "Tun ran da na zo da gashin nan yake wurin yana jiranka."

Ba da faɗa ta faɗa ba, ba da gori ba. Furera ta tallafe ta suka shiga da tulun, ta saki labule.

Da labarin ruwa ya bazu, wasu daga cikin mutanen gari sun dawo. Wasu ba su dawo ba har abada, wasu kuma a hanya aka binne su. Garin ya matsa yamma kusa da ruga, Hausawa da Fulani suna jan guga a bakin rijiya ɗaya, aka kuma hana kowa sa gatari a kurmin nan. Gwaggo Habsatu ta ga damina ɗaya bayan haka, Ɗan Azumi ne ya haƙa kabarinta.

Rijiyar yamma ana ce mata Rijiyar Kurciya. Ta gabas kuwa, mai siminti buhu arba'in, an rufe bakinta da ƙaya don kada awaki su faɗa, ita ce ake kira Rijiyar Ɗan Azumi. Bai taɓa roƙon a sauya sunan ba. Ya ce daidai ne.

Ya haƙa rijiyoyi da yawa bayan nan, kuma duk garin da aka kira shi, kafin ya taɓa diga sai ya nemi tsofaffin mata da makiyaya ya zauna ya ji ta bakinsu. In kuma yana aiki kurciyar kurmi ta yi kuka da tsakar rana, sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya sunkuyar da kai har ta gama. Masu taya shi aiki sun saba, ba sa yi masa magana a lokacin.

Darasi: Kada ka auna gaskiya da tufafin wanda ya kawo ta. Sau da yawa abin da zai cece ka yana bakin wanda ka rena, kuma yini ɗaya na saurare ya fi kwana hamsin na taurin kai. Girman kai ba mai shi kaɗai yake ci ba, yana fara cin waɗanda ya fi so. Allah yana karɓar tuba, amma lokacin da ya wuce ba ya dawowa. In akwai wanda ka hure wa magana don kana ganin bai isa ba, koma ka saurare shi tun yau. Ka tura labarin nan ga 'yan'uwa da abokai, wataƙila akwai mai shirin sara a inda babu ruwa.